Yadda Ake Karanta Ayoyin Hukunci Ba Tare da an Hau Kujerar Alƙali Ba

Akwai surorin da in aka buɗe su a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki, ɗaki kan yi tsit. Ruwan tufana, wutar Saduma, zaburar da ke roƙon a kakkarye haƙoran mugaye, tafkin wuta na Wahayin Yahaya. Masu karatu kan rabu gida biyu. Wasu sukan yi wuf su juya shafi, kamar suna jin kunyar abin da Allah ya faɗa. Wasu kuwa daɗi suke ji fiye da kima, suna karantawa suna hango fuskar wanda ya cuce su a tsakiyar wutar. Ni dai na biyun sun fi ba ni tsoro, domin gani suke sun riƙe Nassi da ƙarfi, alhali sun zauna ne a kujerar da ba tasu ba.

Ga hanyar da nake bi in zan shirya darasi ko wa'azi a kan irin waɗannan ayoyi. Ba sai ka iya Ibrananci ko Helenanci ba. Littafi Mai Tsarki mai nuna ayoyi masu alaƙa a gefen shafi, da takarda da biro, da haƙurin karanta sura sukutum, sun ishe ka.

Fara da tuhumar

Kafin ka tambayi abin da zai sami mugu, tambayi wane ne mugun a wannan wuri, me kuma ya yi. Hukuncin Allah shari'a ce, shari'a kuwa ba ta zama sai da tuhuma. Ja layi huɗu a takardarka: wa ke magana, da wa ake yi, mene ne laifin, mene ne hukuncin. Layi na uku aka fi tsallakewa, shi ne kuwa mai gyara sauran.

Gwada da Amos. Makiyayi ne daga Tekowa ta ƙasar Yahuza, aka aike shi arewa, mulkin Isra'ila, a zamanin Yerobowam na biyu, cikin ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da ƙasar ke fantamawa cikin wadata. Dubi yadda ya ɗauko zancen. Dimashƙu za ta sha wuta don ta sussuke Gileyad da masussukin ƙarfe. Gaza da Taya sun kwashi jama'a sun miƙa wa Edom bayi. Edom ya fafari ɗan'uwansa da takobi. Ammonawa sun farke cikin mata masu juna biyu don su faɗaɗa iyakarsu. Mowab ya ƙone ƙasusuwan sarkin Edom har suka zama toka. Ka ƙiyasta masu sauraro suna gyaɗa kai, kowace al'umma aka ambata su ce madalla, Allah ya ƙara. Ya zo kan Yahuza, nan ma da wuya su ji zafi, ai 'yan kudu ne. Sai a 2:6 igiya ta zarge wuyan masu sauraron kansu: Isra'ila ta sayar da adali saboda azurfa, matalauci kuma a bakin kuɗin takalmi. Suna kwanciya kusa da bagade a kan tufafin da suka karɓa jingina, suna shan ruwan inabin da suka ci tara a ɗakin sujada. Tuhumarsu ta fi ta kowa tsawo, kusan duk sauran littafin a kansu yake. A 3:2 ma Allah ya ce su kaɗai ya sani cikin dukan kabilan duniya, saboda haka ne zai hukunta su.

Abu biyu za ka fitar a nan. Al'umman waje ba a tuhume su da karya Asabar ba, don ba a ba su Attaura ba. An kama su ne da ƙeta irin wadda kowane ɗan Adam ya san mugunta ce. Mutanen alkawari kuwa, kusancinsu da Allah ƙara musu nauyi ya yi. Bitrus ya faɗi irin wannan a wasiƙarsa ta fari, 4:17, cewa daga gidan Allah shari'a za ta fara.

Saduma ma haka. Kowa ya san Farawa 19, inda mutanen gari suka kewaye gidan Lutu suna neman su yi lalata da baƙinsa ƙarfi da yaji, wasiƙar Yahuza aya ta 7 kuma ta ambaci fasikancinsu. To haɗa da Ezekiyel 16:49-50, inda aka jera girman kai, da ƙoshi, da zaman sakewa, da ƙin taimakon matalauci da mabukaci, sannan abin ƙyamar da suka aikata. In ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya, ka rage tuhumar don ta dace da wanda kake so ta kama. Kada kuma ka manta da wa Ezekiyel yake: Urushalima yake gaya wa ta fi Saduma lalacewa.

Wani tarko da ke kama masu wa'azi da yawa shi ne tsayawa inda sura ta ƙare. Bulus bai rubuta wasiƙunsa da lambobi ba. Rabon surorin da muke bi ana danganta shi ga Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Canterbury a Ingila a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa mai ɗab'i Robert Estienne ne ya sa su a 1551. Saboda haka in ka karanta Romawa 1:18-32, jerin zunuban masu bautar gumaka, kada ka rufe littafi. Jimlar da ke biye ita ce 2:1, inda Bulus ya juyo kan mai karatun da ya gama jinjina kai ya ce masa ba shi da hujja, shi mai hukunta wani, don abin da yake yi ke nan shi ma. Dabarar Amos ce sak, ita ce kuma ta Natan da ya ba Dawuda labarin 'yar tunkiyar matalauci, ya bari sai da sarki ya fusata ya yanke hukunci, sannan ya ce masa shi ne mutumin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Annabawa sun san haka, shi ya sa sukan bar mutum ya gama hangen kafin su nuna masa inda yake tsaye.

Wane irin hukunci ne a gabanka?

Ba duka iri ɗaya ba ne, cakuɗa su kuwa shi ke haifar da yawancin kwamacalar da ake ji a wa'azi.

Akwai wanda ya auku cikin tarihi, a kan gari mai suna, a shekarar da aka sani. Samariya ta faɗi a hannun Assuriya a 722 kafin haihuwar Almasihu, Nineba ta faɗi a 612, Babilawa suka ƙone Urushalima wajen 586, Romawa kuma suka rushe haikali a shekara ta 70 bayan haihuwarsa. In Nahum ya yi wa birnin jini kaito, da Nineba yake. Ba ka da izinin ka goge sunan ka rubuta na ƙasar da kake jin haushi. Abin da zai biyo ka zuwa yau shi ne halin Allah da ya bayyana a wurin. Misali, a Ishaya 10:5 Allah ya kira Assuriya sandan fushinsa, amma a aya ta 12 ya ce in ya gama aikinsa zai hukunta sarkin Assuriya saboda girman kansa. Wato zama bulala a hannun Allah bai wanke kowa ba. Abin da ya ɗaure wa Habakuk kai ke nan, da aka gaya masa Kaldiyawa, wato Babilawa, waɗanda suka fi Yahuza mugunta, su za a turo mata.

Akwai kuma wanda zunubi ke ɗauke da shi a cikinsa. Zabura 7:15-16 ta zana mutumin da ya haƙa rami ya faɗa ciki. Haman ya kafa gungume mai tsawon kamu 50 don Mordekai, shi aka rataye a kai. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Sau uku a Romawa 1 Bulus ya ce Allah ya sallama su ga abin da suke so, ba tsawa ba girgizar ƙasa, sakin linzami kawai, wannan kuwa ya fi ba ni tsoro a kan wuta daga sama. Sai dai ka yi hattara da littafin Karin Magana. Yadda rayuwa ta saba tafiya yake faɗa, bai ɗauki alkawarin cewa kowane azzalumi zai ga sakayya kafin ya mutu ba. Ayuba a sura 21 ya ce ga mugaye nan suna tsufa, suna ƙaruwa da ƙarfi, su gama kwanakinsu cikin daula su gangara kabari salin-alin. Asaf a Zabura 73 ya ce saura ƙiris ƙafarsa ta zame da ya ga haka, sai da ya shiga wuri mai tsarki ya gane ƙarshensu. In ka yi wa wanda aka zalunta alkawarin zai ga faɗuwar azzalumi da idonsa, ka ɗaukar wa Allah bashin da bai ci ba.

Na uku shi ne na ƙarshe, bayan tashin matattu: Daniyel 12:2, Yahaya 5:28-29, Matiyu 25:31-46, Wahayi 20:11-15. Wasu wurare, kamar Matiyu 24, sun haɗa na tarihi da na ƙarshe a zance ɗaya, don almajiran tambaya biyu suka yi a haɗe, yaushe haikali zai rushe, mece ce kuma alamar ƙarshen zamani. Irin wannan sai ka bi aya-aya da fensir.

Nemi ƙofar da aka bari a buɗe

Ƙara layi na biyar a takardarka: akwai mafita? Kusan kullum akwai, ko da ba a faɗa ba. Irmiya 18:7-10 ya shimfiɗa ƙa'idar a fili. In Allah ya ce zai tumɓuke wata al'umma, ita kuwa ta juyo daga muguntarta, zai janye masifar. In ya yi wa wata alkawarin alheri ta kangare, zai janye alherin. Wa'azin Yunusa ba shi da ko sharaɗi ɗaya, sauran kwana 40 a kife Nineba, shi ke nan. Suka tuba, ba a kife ta ba, annabin ya yi fushi har ya roƙi mutuwa. A 4:2 ya fasa ƙwai, ya ce abin da ya sa ya gudu tun farko ke nan, ya san Allah mai alheri ne mai jinƙai. Ahab, da aka ce ba a yi sarkin da ya sayar da kansa ga mugunta kamarsa ba, ya yayyage tufafinsa ya yi azumi bayan maganar gonar Nabot, aka jinkirta masifar ba ta zo a zamaninsa ba. Manassa ya yi shekara 55 yana sarauta, ya cika Urushalima da jinin marasa laifi, ya ƙasƙantar da kansa a Babila, aka ji shi. A Ezekiyel 33:11 Allah har rantsuwa ya yi da ransa cewa ba ya murna da mutuwar mugu, ya fi so ya juyo ya rayu.

Shawarata ita ce ka karanta Yunusa da Nahum a mako ɗaya, dukansu gajeru ne. Gari ɗaya ne, a littafin farko an yafe masa, a na biyu an yanke masa hukunci bayan ya koma gidan jiya. Kowannensu da tambaya ya ƙare. A Yunusa Allah yana tambaya ko ba zai ji tausayin mutum fiye da 120,000 da ba su san damansu da hagunsu ba, har da dabbobi. A Nahum ana tambayar sarkin Assuriya wane ne muguntarsa ba ta taɓa ba. Wanda ya riƙe Yunusa kaɗai zai ɗauka Allah ba ya hukunci. Wanda ya riƙe Nahum kaɗai zai zama Yunusa, yana zaune a gabashin gari yana jiran hayaƙi.

Kada ka fassara bala'in wani

Wannan gajere ne don Yesu ya riga ya yanke shi. A Luka 13:1-5 aka kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya gauraya jininsu da hadayarsu, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Ya tambaya ko sun fi sauran mutane zunubi, ya amsa da kansa cewa a'a, in masu tambayar ba su tuba ba su ma za su hallaka. A Yahaya 9 almajirai suka tambaya laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba, ba na iyayensa ba. Abokan Ayuba sun yi surori suna kare adalcin Allah ta wajen ɗora wa mai ciwo laifi, a 42:7 Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu don ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Amos ya iya cewa fari da fara hukunci ne domin an gaya masa. Ni da kai ba a gaya mana ba. Ambaliya ko annoba ko haɗarin mota ya sami wasu, aikinka kai taimako da binciken zuciyarka.

Zaburar la'ana

Zabura 58, 69, 109, 137. Da yawa suna so a ce babu su. Ni ban yarda a ɓoye su ba, musamman ga wanda aka kashe wa ɗan'uwa ko aka ƙwace wa haƙƙi aka kuma hana shi magana. Karanta 137 daga farko: kamammu ne a bakin kogunan Babila, waɗanda suka rushe musu gari suna ce musu su rera waƙar Sihiyona su sha nishaɗi. Ayar ƙarshe mai tayar da tsikar jiki roƙo ne a yi wa Babila abin da ta yi musu. Kuka ne na wanda ya ga abin da idonsa.

Abin da za ka nuna wa masu nazari shi ne inda kukan ya nufa. Mai zabura bai zare takobi ba, ƙara ya kai. Dawuda, wanda ake danganta masa da yawa daga waɗannan addu'o'i, sau biyu Saul yana faɗowa hannunsa, a kogo da kuma a sansani yana barci, ya ƙi taɓa shi. Bulus a Romawa 12:19-21 ya ɗauko Maimaitawar Shari'a 32:35, cewa ramuwa ta Ubangiji ce, ya gina umarni a kai: kada ku rama, in maƙiyinka yana jin yunwa ka ba shi abinci. Lura da yadda hujjar ke tafiya. Don akwai ranar shari'a ne ya sa Kirista zai iya ajiye makami. Ko shahidan da ke ƙarƙashin bagade a Wahayi 6:9-11 suna kuka har yaushe, aka ba su fararen riguna aka ce su ƙara jira. Shi ya sa a Zabura 96 da 98 teku da itatuwa da koguna suke murna don Ubangiji yana zuwa ya yi wa duniya shari'a. Ga wanda aka danne, wannan albishir ne.

Iyakar kuwa tana Luka 9:51-56. Wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, Yakubu da Yahaya suka nemi izinin kiran wuta daga sama, suna da misalin Iliya a hannu. Ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. Ka bar mai rauni ya faɗa wa Allah duk abin da ke cikinsa, sannan a hankali ka kai shi Matiyu 5:44, addu'a domin masu tsananta masa. Kada ka fara da ita ranar farko.

Wuta, duhu, tsutsa

Hukunci na ƙarshe da hotuna aka zana shi: wutar da ba ta mutuwa, baƙin duhu na waje, tsutsar da ba ta mutuwa, kuka da cizon haƙora, ƙofar da aka rufe. Wuta da duhu ba sa zama wuri ɗaya a duniyar da muka sani, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ana kwatanta abin da ya fi ƙarfin harshe ne. Hakan bai rage masa nauyi ba ko kaɗan. Bi kowane hoto zuwa tushensa. Tsutsa da wutar Markus 9:48 daga ayar ƙarshe ta Ishaya suka fito, 66:24. Gidan wutar da Yesu ke ambata kuwa sunan wani kwari yake ɗauke da shi, Kwarin Hinnom a kudancin Urushalima, inda Ahaz da Manassa suka ƙona 'ya'yansu hadaya, Yosiya ya ƙazantar da wurin don a daina, Irmiya kuma ya ce za a kira shi Kwarin Kisa. Sunan ya zo sau 12 a Sabon Alkawari, 11 daga bakin Yesu, ɗaya a Yakubu 3:6. Wannan ya rushe zancen da ake yi cewa Allahn Tsohon Alkawari mai fushi ne, Yesu kuwa ba ruwansa da hukunci. Tsohon zance ne, wani malami mai suna Markiyon ya koyar da shi har ikilisiyar Roma ta fitar da shi wajen shekara ta 144. Duba kuma da wa Yesu yake a waɗannan wurare: almajiransa ne da malaman addini.

Misalai kuwa ka nemi bakin zarensu, kada ka zana taswirar lahira da su. Labarin attajiri da Li'azaru a Luka 16 ya ƙare ne a kan 'yan'uwa biyar da ke raye, suna da Musa da annabawa amma ba sa ji. A misalin alkama da ciyawa, Matiyu 13, bayi suka nemi su tuge ciyawar, maigida ya hana, kada su tumɓuke alkama tare. Mala'iku ne za su rarrabe a ranar girbi. A Matiyu 25 tumaki da awaki duka mamaki suka yi, kowanne yana tambayar Sarkin da ke shari'ar yaushe ya gan shi da yunwa. Hukuncin kuma ba kan mai uwa da wabi ba ne. Luka 12:47-48 ya bambanta bawan da ya san nufin ubangidansa da wanda bai sani ba, ɗaya duka mai yawa, ɗaya kaɗan. A Matiyu 11:20-24 an ce za a fi rangwanta wa Saduma a kan Kafarnahum, garin da ya ga mu'ujizai ya ƙi tuba.

A kan yadda ƙarshen mugaye zai kasance, Kirista sun sha bamban, gara ka faɗa wa ajinka gaskiya tun kafin su ji a waje. Mafi rinjaye tun da, Katolika da Otodoks da yawancin Furotesta, sun riƙe cewa azaba ce ta har abada, mutum yana sane. Agustin, bishop na Hippo, wanda ya rasu a 430, ya kare wannan da Matiyu 25:46, inda rai madawwami da hukunci madawwami suke jere a jimla ɗaya. Ana ƙarawa da Wahayi 14:11 da 20:10. Wasu sun ce ƙarshensu hallaka ce ɗungurungum bayan sun sha hukuncin da ya dace da su, suna nuna Matiyu 10:28, da Malakai 4:1, da mutuwa ta biyu ta Wahayi. Ikilisiyar Adbentis ta riƙe haka, John Stott, sanannen mai wa'azin Angilikan, shi ma ya nuna karkata gare shi a 1988. Akwai kuma masu begen a ƙarshe za a maido da kowa, suna dogara da Kolosiyawa 1:20 da 1 Korantiyawa 15:28. Ana danganta wannan ga wani malamin ikilisiya na dā, Orijin na Iskandariya, wanda aka sa sunansa cikin waɗanda aka la'anta a babban taron ikilisiya na 553. Wurin tsarkakewar da Katolika ke koyarwa, wanda Furotesta ba su yarda da shi ba, wani batu ne daban, na waɗanda suka riga suka tsira ne, kada ka cakuɗa shi da wannan.

Ni ina tare da na farko, hujjar Agustin ban ga an ture ta ba. Mai riƙe na biyu ba na raba zumunci da shi, don Nassi yake kokawa da shi kamar ni. Na ukun ne na kasa daidaitawa da gargaɗin Yesu. Abin da za ka tsaya a kai ba ja da baya shi ne wanda shaidar bangaskiya ta Nikiya ta faɗa, yadda aka kammala ta a 381: zai sake dawowa cikin ɗaukaka ya yi wa rayayyu da matattu shari'a.

Ranar da za ka tsaya gaban mutane

Kowane darasi ka kai shi ga Alƙalin. Yahaya 5:22 ta ce Uba ya danƙa dukan shari'a ga Ɗan, wato wanda zai zauna a kursiyin shi ne wanda ya tsaya gaban Bilatus aka yanke masa hukuncin zalunci, ya ɗauki zunuban mutane a kan gicciye. Romawa 3:25-26 ta bayyana yadda Allah ya kasance mai adalci, kuma mai kuɓutar da mai ba da gaskiya, 8:1 kuma ta ce babu sauran hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. In ka bar wannan a waje, abin da ka koyar tsoro ne tsagwaronsa. In kuma ka yi amfani da shi ka ce mai bi ba ruwansa da ba da lissafi, 2 Korantiyawa 5:10 da Matiyu 7:21-23 suna jiranka.

Saurari muryarka ma. Yesu kuka ya yi da ya hango Urushalima yana faɗin rushewarta. Bulus ya ce da hawaye yake ambaton maƙiyan gicciye. Ibrahim ya tsaya yana roƙo domin Saduma daga adalai 50 har ya sauko 10. In ka ji daɗi yana tasowa a ƙirjinka kana karanta tafkin wuta, ajiye darasin zuwa wani mako. Ka kuma canza lamiri a rubutunka, duk inda ka sa "su" gwada "mu" ka ga ko ayar ta yarda. Za ka yi mamakin yawan wuraren da ta yarda.

Akwai tambayar da za ta zo, ko ba daɗe ko ba jima. Wani zai ɗaga hannu, ko ya tare ka a bakin ƙofa, ya ce mahaifinsa ya rasu bai ba da gaskiya ba, yanzu yana ina? Kada ka amsa a gaban jama'a, ka ce ku zauna bayan an tashi. In kun zauna, bar shi ya ba ka labarin mahaifin tukuna. Kada ka ce masa yana wuta, ba a ba ka littafin rai ka duba ba, ba ka kuma san abin da ya gudana tsakaninsa da Allah a sa'arsa ta ƙarshe ba. Ɓarawon da ke kan gicciye, Luka 23:39-43, ba wanda zai ba shi tsammani da safiyar ranar. Kada kuma ka ce masa lalle yana sama don ka sanyaya masa rai, zai gane lallashi ne, daga nan ba zai ƙara yarda da kai a kan wani abu ba. Ku buɗe Farawa 18:25 ku karanta tambayar Ibrahim tare, ko Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba, ku haɗa da Luka 12:48, ku yi addu'a. Bayan kwana biyu ka sake nemansa, don sau da yawa tambayar da ta fi damunsa ba ita ya fara yi ba.